Daidai Baki, Daidai Buroshi: Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Wanke Bindigar Farauta

 Ga bayanin da muka yi a shirin da ya gabata, mun sa shi a takarda saboda wanda lokacin watsa shirin ya same shi a daji bayan dabbobi, ko a kan hanyar kasuwa. In kai ba ka iya karatun boko ba, ka ba yaro ya karanta maka a ruga ko a rumfa, ba abin kunya ba ne.

Tambayar da ta jawo maganar ta zo mana daga masu sauraro na ɓangarori biyu na iyaka, kuma kusan iri ɗaya ce. Mutum yana da bindigar farauta, ya gada ko ya saya, yana korar dila da kura daga garke, ko yana ɗan harbin zabi da rani. Ya shiga kasuwa, ko Jibiya ce, ko Maraɗi, ko Illela, ko Ƙonni, ya ga ƙunshin sanduna da buroshi a leda. Wanne zai ɗauka? Amsar a taƙaice ita ce: faɗin cikin bututun bindigarka shi ke zaɓar maka kaya. In ba ka san shi ba, kada ka ciro kuɗi tukuna.

Kafin komai, maganar doka

Ɗan'uwa, mu fara da wannan don kada a yi mana mummunar fahimta. Muna magana ne kan bindigar farauta wadda hukuma ta san da ita, mai takarda. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta wa farar hula, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja masu awon milimita 7.62, da milimita 9, da inci .300, da inci .303. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar harbin tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma na gargajiya masu ɗuri ta baki, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A Nijar ma sai da izinin hukuma ake riƙe bindiga, farauta kuma tana da tata takardar da nata lokacin.

Ka lura da abu biyu. Na ɗaya, takardar wata ƙasa ba ta tsallaka iyaka tare da kai. Na biyu, doka ma da awon baki take rarrabe bindigogi. Saboda haka kai ɗan kasuwa, ka san abin da ke cikin kayanka. Buroshi ɗan ƙaramin abu ne, amma lambar da ke jikinsa tana faɗin irin bindigar da aka yi shi dominta, kuma jami'in kwastan ko jandarma ya iya karanta ta.

Me ya sa ake wanke bindiga?

Duk harbi ɗaya yana barin datti a cikin bututu: tokar albarushi, da ɓurɓushin dalma, wani lokaci da jan ƙarfen da aka lulluɓe harsashi da shi, ko robar da ke cikin kwanson harsashin tsuntsaye. A kan wannan kuma sai ƙurar hunturu ta hau, damina ta zo da laima, tsatsa ta kama. Tsatsa tana cin ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya gani, har bangon bututu ya yi rauni.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne toshewa. Bututun da wani abu ya tsaya a cikinsa, ko laka, ko tsumma, ko guntun buroshi da ya karye, in aka harba yana iya kumbura ko ya tsage. Ina hannunka na hagu yake a lokacin? Yana riƙe da bututun. Ina idonka? Yana bayansa. Makiyayin da ya rasa yatsu, tatsa ma sai ta gagare shi. To ka ga kayan da bai dace ba yana iya zama shi ne sanadin toshewar da ake gudu.

Yadda ake karanta awon baki

Awon baki, wanda masu sayarwa ke cewa kaliba, shi ne faɗin ramin bututu. Bindigogin farauta iri biyu ne ta wannan fuska, kuma kowanne da irin lissafinsa.

Iri na farko mai zane a ciki, wato raiful. In ka leƙa bututunta a haske, bayan ka tabbatar ba komai a ciki, za ka ga layuka sun murɗe kamar igiya. Su ke juya harsashi ya tafi saiti. Awonta ana rubuta shi da inci ko da milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Don haka in ka ga .22, da ɗigo a gaba, ana nufin kashi 22 cikin ɗari na inci, kusan milimita 5.6. In ka ga .243, wajen milimita 6 ke nan. In ka ga .270, tana dab da milimita 7. Kayan da suka fito daga Turai sukan rubuta lamba biyu, misali 7x64: ta farko faɗin baki ce, ta biyu tsawon kwanso. Wajen sayen buroshi, ta farkon ce taka. Bindigar iska kuma galibi milimita 4.5 ce, wato .177, ko milimita 5.5. Ka tuna a rubutun Faransanci waƙafi ake sawa a maimakon ɗigo, 5,5 da 5.5 duk abu ɗaya ne.

Iri na biyu mai sulɓin ciki, wato ta harbin tsuntsaye. A nan ne mutane ke ruɗewa, domin lissafin a juye yake: lamba in ta ƙaru, baki raguwa yake yi. Dalili kuwa tsohon awo ne na Turawan Ingila. Ana ɗaukar dalma mai nauyin fam ɗaya, kimanin gram 454, a raba ta dunƙule-dunƙule daidai wa daida. In dunƙule 12 aka samu kuma kowanne ya cika bakin bututun, sai a ce lamba 12 ce. In 20 aka samu, ai ka ga kowane dunƙule ya fi ƙanƙanta. Shi ya sa lamba 12 faɗinta kusan milimita 18.5, lamba 16 kusan 16.8, lamba 20 kuwa kusan 15.6.

Ga wani tarko na musamman ga mu mutanen iyaka. Akwai 'yar ƙaramar bindigar tsuntsaye da masu Ingilishi ke kira .410, faɗinta kusan milimita 10.4. Ita ɗin ce masu Faransanci ke kira milimita 12. To in ka ce wa mai shago "ba ni na sha biyu", wanne ka nufa? Lamba 12 mai faɗin 18.5, ko milimita 12 mai faɗin 10.4? Tsakaninsu akwai tazara babba. Ka fayyace masa, kuma ka duba da idonka.

A ina za ka ga lambar? Ka duba jikin bututu kusa da inda ake sa harsashi, yawanci a nan aka buga ta. A bindigar da ake karyawa, wani lokaci sai an cire itacen gaba ake ganin ta a ƙasa. Za ka iya ganin 12/70 ko 12/76, ta biyun tsawon ɗakin harsashi ce da milimita. Takardar lasisinka ma tana ɗauke da ita. Kada ka dogara da auna bakin bindigar tsuntsaye da rula kawai, domin da yawansu an ɗan matse su a can ƙarshe don ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule, sai awon ya ba ka ƙasa da gaskiya.

Tunda muna kan lambobi, ka riƙe wannan ko da ka manta sauran. Harsashin lamba 20 in ya shiga bindigar lamba 12, zamewa yake yi ya wuce ciki ya maƙale, har ka ga kamar ba ka sa komai ba. In ka ƙara na 12 a bayansa ka harba, bututu ya fashe. Kada ka haɗa iri biyu a aljihu ɗaya ko gafaka ɗaya.

Sanda ko igiya?

Abu biyu ake tura ƙyalle da buroshi da su: sanda ko igiya.

Sanda dole ta fi ramin siranta yadda za ta wuce ba ta gogar bango, amma kada ta yi sirantar da za ta riƙa lanƙwasa. Sandar da aka yi wa .22 kaurinta wajen milimita 5 ne, ba za ta shiga bindigar iska mai 4.5 ba. In kuma ka sa ta a lamba 12, sai ta yi ta rawa a ciki kamar muciya a babbar tukunya, tana dukan bango, ƙyallen ma bai taɓa ko'ina ba. Bindigar tsuntsaye tana son sanda mai kauri, ta itace ko ta alminiyom. Tsawon sanda kuma ya wuce na bututu da aƙalla taƙi ɗaya, don buroshi ya fita gaba ɗaya ta ɗaya gefen.

Ga mai zane a ciki, ka nemi sandar da mariƙinta ke juyawa da kansa. Ka riƙe mariƙin, ka murza sandar da yatsa, ka ga ko tana juyawa ba tare da shi ba. Hakan ne ke barin buroshi ya bi murɗin layukan. In ba ta juyawa, buroshin zai riƙa tsallake layukan, ko ya kwance ya faɗi a ciki.

Sanda guda ɗaya mai rufin roba ta fi mai gaɓa-gaɓa da ake ɗaurawa, domin wurin haɗin yakan yi kaifi ya karci ƙarfe. Amma mai gaɓa ta fi sauƙin ɗauka ga mai tafiya. In ita ka samu, ka shafa yatsa a kan kowace mahaɗa, in ka ji tudu ko kaifi, ajiye ta. Kuma kowace irin sanda ce, ka goge ta da tsumma duk lokacin da ta fito. Alminiyom da roba suna da taushi, yashi yana nutsewa a jikinsu, sai sandar ta koma kamar magagari. A ƙasarmu ta rairayi wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Igiya kuwa ita ce abokiyar makiyayi. Tana da ɗan ƙarfe mai nauyi a kai, ka zura shi ta baya ya faɗo ta baki, ka ja ƙyalle ya bi. Tana shiga aljihu, ba ta da nauyi. Akwai ta zamani mai kauri wadda aka saƙa buroshi a jikinta, ita ma kowane awo da tasa, an buga lambar a kan ɗan ƙarfen. Sai dai igiya tana da sharuɗɗa uku. Ka ja ta a miƙe, kada ta riƙa gogar gefen baki, domin a hankali tana cinye shi, saiti ya lalace. Ka riƙa wanke ta da sabulu kana shanyawa, ka ajiye ta a leda. In ta fara tsufa ko zarenta ya fara tashi, ka yar da ita, domin in ta tsinke da ƙyalle a tsakiyar bututu ka shiga uku. Sannan ka sani igiya ba ta ture abin da ya toshe. Wannan aikin sanda ne. Mai hali ya ajiye sanda a gida, igiya a gafaka.

Buroshi

Buroshin bindiga ana yin sa ya ɗan fi ramin kaɗan, don gashinsa ya kama bango. Saboda haka kowane awo da nasa. Ƙarami a babban rami aikin banza ne. Babba a ƙaramin rami kuwa, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: zai cije a tsakiya, ba gaba ba baya. Akwai awon da ke kusa da juna har kamfanoni ke yi musu buroshi ɗaya, kamar .243 da milimita 6, ko .270 da milimita 7, kuma za ka ga an rubuta duka biyun a jikin leda. In ba a rubuta ba, kada ka yi kirdado.

Irinsa uku ne. Na tagulla, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, shi ne na kullum, domin ya fi datti ƙarfi amma bai kai ƙarfen bututu tauri ba. Na nailan ya fi taushi, ya dace da ƙura da ƙaramin datti. Na baƙin ƙarfe ko farin ƙarfe mai tauri, ka bar shi a shago, musamman ga mai zane a ciki. Haka nan buroshin makanikai, da soson ƙarfe na wanke tukunya, da takardar yashi ta kafintoci. Suna sa ciki ya yi ƙyalli yau, amma ƙarfen suke ci.

In ka tura buroshi, ka bar shi ya fita gaba ɗaya kafin ka jawo shi. Juya shi a tsakiyar rami shi ke karya gashinsa ko ya sa ya maƙale. Ranar da ka ji yana wucewa salin-alin ba ya kama komai, ya gama aiki, sai sabo.

Ga wata shawara ta kasuwa. Zaren da ake ɗaura buroshi a kan sanda, irin na noti, ba ɗaya ba ne a duniya. Na Amurka daban, na Ingila daban, na sauran Turai mai lissafin milimita daban. Ko a kamfani ɗaya, na bindigar tsuntsaye ya fi na raiful kauri. Tunda kayanmu daga ko'ina suke shigowa, kana iya sayen sanda a wannan gefen iyaka, buroshi a wancan, ka je gida su ƙi haɗuwa. Ka tafi da gaɓar ƙarshe ta sandarka, ka ɗaura a gaban mai kaya kafin ka biya. In ya shiga da ƙyar ko yana girgiɗi, ba nasa ba ne. Wanda aka ɗaura da ƙarfin tsiya shi ke cirewa a cikin bututu.

Ƙyalle

Wannan ba sai ka saya ba. Tsohuwar riga ta auduga zalla, wankakkiya, fara in da hali don ka ga dattin da ke fita, ta wadatar. Yadin roba ba ya shan mai, shafa datti kawai yake yi. Ka yanka murabba'i: ga .22 wajen santimita 2.5 zuwa 3, ga masu milimita 7 wajen santimita 4, ga lamba 12 wajen santimita 7 zuwa 8. Kaurin yadi yana canza lissafi, don haka hannunka ne alƙali. Ya kamata ya wuce da ɗan matsi, da turin hannu ɗaya. In sai ka sa ƙirji ko ka buga da dutse, ya yi yawa, jawo shi tun yana bakin shiga ka rage.

Kan sandar da ke riƙe ƙyalle iri biyu ne: mai ido kamar na allura, da mai tsini da ake yafa ƙyallen a kai. Mai ido yana yi wa awo da yawa aiki. Mai tsini ya fi gogewa sosai amma shi ma sai daidai awo. Na tagulla ko na roba za ka nema.

In tsautsayi ya sa ƙyalle ko buroshi ya maƙale, don Allah kada ka ce za ka harbo shi ya fita. Ka ɗiga mai, ka bar shi ya jiƙa, ka gwada turawa a hankali da sanda mai taushi. In ya ƙi, ka kai wa wanda hukuma ta yarda ya yi gyaran bindiga.

Mai da ruwan wanki

Aiki biyu ne daban: akwai mai narkar da datti, akwai mai hana tsatsa. Wasu kwalabe suna haɗa biyun, kuma ga mai bindigar tsuntsaye ko .22 irin wannan ya isa. Raiful mai harsashin da aka lulluɓe da jan ƙarfe kan buƙaci ruwa na musamman lokaci-lokaci. Yawancinsa yana da wari mai hawa kai, kuma ƙyalle yakan fito shuɗi ko kore in akwai jan ƙarfe a ciki. Wannan ruwan yana cin buroshin tagulla, don haka da na nailan ake aiki da shi, kuma ba a barin sa ya wuce lokacin da aka rubuta a kwalba.

In man bindiga bai samu ba, man keken ɗinki ya fi komai kusa. Amma man ja, da man gyaɗa, da man shanu, ka bar su a kicin. Suna daskarewa su yi danƙo, su kama ƙura, su riƙe ƙananan ƙarafan ciki har kunama ta ƙi aiki daidai. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da ɓurɓushin ƙarfe da datti. Fetur kuwa, kusa da murhu ko taba ko albarushi, ka san sauran.

Yawan mai ma cuta ne. Shafa kaɗan ake yi, kamar yadda ake shafa wa fata. Da hunturu ka rage sosai, domin mai da ƙura in sun haɗu sun zama taɓo mai cin ƙarfe. Da damina ka riƙa dubawa duk mako ko ba ka yi harbi ba. Kafin ka fita da ita kuma, ka wuce da busasshen ƙyalle ka ɗebe man da ke cikin bututu da ɗakin harsashi.

Bindigar iska tana da nata hukunci. Ba ta ƙona albarushi, don haka dattinta kaɗan ne. Igiya siririya da ƙyalle sun ishe ta, ba ta son buroshin ƙarfe. Kada ka zuba mata ruwan wanki mai ƙarfi, yana lalata robobin da ke riƙe iska. Kada kuma ka ɗiga man inji a ramin da iska ke fitowa, matsin iska yana iya kunna shi ya yi ƙara kamar harbi ya ɓata cikinta. Ita ma .22 ba ta son yawan gurza. Da yawa yawan wanki da muguwar sanda ne ya kashe su, tun harbi bai tsufar da su ba.

Bindigar toka

Mun san da yawanku wannan ce a hannunku, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga. Ita ba ta da lamba, domin kowane maƙeri da irin bututun da ya samu. Don haka kayan shago ba lallai su dace da ita ba. Ka tabbatar ba ɗuri a ciki, ka danna bakinta a kan kwali ko sabulu, ka auna da'irar da ta fito, da wannan awon za ka nemi kaya ko ka sa a sassaƙa maka.

Yaya za ka tabbatar ba ɗuri? Ranar da ka san babu komai a ciki, ka zura sandar ɗuri har ƙasa, ka yi mata alama daidai baki. Daga ranar, duk lokacin da ka zura ka ga alamar ta tsaya a sama, akwai abu a ciki. Kana yi kana kawar da fuska da jiki daga saitin bakin, kuma ka cire abin da ke tayar da wuta tukuna.

Tunda bayanta a rufe yake, igiya ba ta yi mata aiki. Buroshi mai matsi ma haɗari ne, domin dole ya juya a can ƙasa, kuma a nan yake cijewa. Abin da ya dace da ita sanda ce ta itace mai ƙwari, miƙaƙƙiya, an yi mata 'yan tsage-tsage a kai don su riƙe ƙyalle kada ya zame.

Tokar albarushin gargajiya tana da gishiri-gishiri mai jawo laima, kuma mai ba ya narkar da shi. Ruwa ke narkar da shi. Ka wanke da ruwan zafi da ɗan sabulu a ranar da ka yi harbi, kada ta kwana. Ka yi ta sauya ƙyalle har ya fito fari, ka bar zafin ƙarfen ya busar da ita, ka tsokace 'yar ƙofar wuta da siririyar waya, sannan ka shafa mai kaɗan. Kuma kada ka kuskura ka farke harsashin zamani ka juye garinsa a cikinta. Ƙarfinsa ya fi abin da bututun maƙera zai iya ɗauka nesa ba kusa ba.

Tsarin aiki da ajiya

Ka zauna inda iska ke shiga, nesa da yara. Ka buɗe bindiga, ka duba da ido, ka taɓa da yatsa, ka kai harsasai wani wuri daban. Kalmar "ai na san ba komai a ciki" ta sa an yi jana'iza da yawa. In bindigar tana buɗuwa ta baya, daga baya ake turawa zuwa baki, don datti ya fita waje kuma gefen baki ya tsira. Jiƙaƙƙen ƙyalle da farko, ka ɗan jira, buroshi kamar sau goma, busassun ƙyallaye har su fito da tsabta, sannan mai kaɗan. Ka ɗaga ta a haske ka leƙa ta baya. In ka ga wani baƙin zobe a ciki, ko ka shafa waje ka ji kumburi, ko tsatsa ta yi ramuka masu zurfi, wannan ta wuce wanki. Ka daina harbi da ita.

Wajen ajiya, mutane da yawa kan cusa tsumma a baki saboda zanzaro, wanda ke son gina ɗakinsa na laka a cikin irin wannan rami. Matsalar zanzaro gaskiya ce, amma tsumman yana riƙe laima, kuma ranar gaggawa, da dare, kura ta shigo garke, wa zai tuna da shi? Gara ka ɗinka mata riga ta yadi mai shan iska wadda za ta rufe ta duka. Kowace fita kuma ka leƙa bututu tukuna. Ka ajiye ta ba harsashi a ciki, a kulle, harsasai a wani wurin da yaro ba zai kai ba.

In ka gama, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, ko ka taɓa ƙwaryar nono, ko ka ɗauki yaro. Baƙin da ke hannunka akwai dalma a ciki. Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Can daga haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ta fi kamawa. Ƙyallayen da ka yi aiki da su ka binne su, kada a bar su inda ɗan maraƙi ko akuya za su tauna.

Kai kuma ɗan kasuwa mai sayar da waɗannan kaya, amana ce a hannunka. Ka ware su awo-awo, ka bar su a ledarsu mai lamba, ka tambayi mai saye irin bindigarsa. In bai sani ba, ka ce ya je ya dubo, kasuwa ba ta ƙarewa yau. Ribar buroshi ɗaya ba ta kai hannun mutum ba.

A shiri na gaba za mu amsa tambayoyin da kuka aiko kan takardun ƙetara iyaka da dabbobi. Ku ci gaba da aiko da saƙonninku ta hannun wakilanmu a ranakun kasuwa. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba mu zaman lafiya a ɓangarorin nan biyu. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.